Ranar da Baba Kunne Ya Saita Silo da Haƙori

Duk layin garejin nan Baba Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara talatin yana gyaran kafireta, bai taɓa ɗora wa inji na'urar awo ba. Mota ta shigo tana tari, sai ya karkata kai ya ce, "Silonta ya yi ƙasa." Ya murɗa sukuru rabin zagaye, shi ke nan, magana ta ƙare. Silo kuwa shi ne numfashin inji in mota na tsaye ba a taka totur ba. In ya yi ƙasa ta mace maka a mararraba, in ya yi sama ta yi ta zuƙar mai kamar ba gobe.

Abin da ba wanda ya sani, kunnen nan ya fara dushewa. Wata shida ke nan yana korar aikin silo da "yau hannuna a cike yake." Tsoro yake ji, wallahi, kada a gane a ce Kunne ya tashi aiki.

Sai ga Auta, 'yarsa malamar asibiti, da safe Dogo mai walda yana taya ta turo tsohuwar motarta.

"Baba, sau huɗu tana mace mini yau! Har wani direban bas ya ce in sayi jaki."

Ina zai kori 'yarsa? Ya buɗe bonet. Na'urar silon ta ƙone ƙurmus. Ya zare wayarta, ya kwance ta, ya ɗaura sabuwa. Wannan kam ko ido rufe zai yi. Saura saiti.

"Tayar!"

Ta tayar. Yana ganin fanka na juyawa, amma sautin kamar daga ƙasan rijiya. Dogo ya gyara tsayuwa yana cewa, "Yau za mu sha kallo, an daɗe ba a ga aikin manya ba."

Zufa ta karyo masa. Don ya sami hannun laluben ƙaramin sukudireba, sai ya cije ƙotar dogon sukudireban da ke hannunsa a baki, ya sunkuya. Bakin ƙarfen ya taɓa jikin injin.

Kai! Injin nan gaba ɗaya ya shigo masa ka ta haƙori. Ga bugun fistan ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan ɗingishin da yake yi, tas, har ya fi yadda yake ji a da. Bai saki ba. Ya murɗa sukuru kaɗan, ya yi yawa. Ya dawo da shi kwata. Ɗingishin ya ɓace, inji ya kwanta luf.

Ya tofar da sukudireban, ya daki bonet da tafin hannu.

"Na ji shi! Dogo, wallahi na ji shi!"

"To da can ba ka ji ne?" in ji Dogo, baki buɗe.

Baba Kunne ya yi suɓul da baka. Ya tona wa kansa asiri.

Auta ta fito daga motar tana dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta matso daidai kunnensa na dama, wanda ya fi dama-dama, ta ɗaga murya.

"Baba, tun bara muka sani a gida. Rediyonka har maƙwabta ke sauraron labarai da shi! Kai kake zaton don me na tsallake gareji uku na turo ta nan? So nake ka daina gudun aikinka."

Ya dube ta, ya dubi injin da ke bugawa a hankali. Sannan ya ɗauki sukudireban, ya goge ƙotar da gefen riga.

"Dogo, motocin nan biyu da na kora jiya, aika a ce su dawo."