Tsohuwar Wayar Mzee Ogutu

Duk Asabar ɗin farkon wata, da ƙarfe biyu na rana, masu haɗa manhajar waya da shafukan intanet na birnin Kisumu sukan hallara a saman wani bene, bisa shagon masu sayar da taya. Kayan taron ba su da yawa: kujerun roba arba'in, majigi ɗaya mai yawan gardama, fulas ɗin shayi da kwandon mandazi, wato irin fanken can. Mai sabon aiki ya nuna, wanda nasa ya cije ya nemi a duba masa, wanda kuma mandazi ne ya kawo shi ya ci ya taya tafi. A layin gaba akwai kujerar katako guda wadda ba mai hawa ko da ɗakin ya cika ya batse. Ta Mzee Ogutu ce, wato dattijo Ogutu.

Mzee Ogutu bai tashi da kwamfuta ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana bin ofis-ofis yana gyaran tafireta, da jakarsa ta fata da 'yar kwalbar mai. Da kwamfuta ta shigo ta kashe sana'ar, wasu abokan aikinsa suka koma ƙauye noman rake, wasu suka zauna bakin titi suna zagin zamani. Shi kuwa cewa ya yi sai ya ga cikin abin da ya raba shi da abincinsa. A wani shagon intanet a unguwar Kondele ya koyi gina shafi, yana dukan madannai kamar ya kama su da laifi, don hannun ya saba da ƙarfe. Har ya kai yana yi wa coci-coci da ƙananan makarantu shafukansu. Ba gwani ba ne, bai kuma taɓa cewa shi gwani ne ba. Shafukansa ba su da kyan gani, amma suna buɗewa.

Shekara tara ke nan da ya fara zuwa taron. A ranar, wani ya gama nuna manhajarsa a wata waya mai tsada, ana ta tafi, sai dattijon ya ɗaga hannu. Ya zaro tasa daga aljihu, 'yar ƙarama, gilashin a tsage, an ɗaure bayanta da roba.

"Saka min a nan," in ji shi.

Aka saka. Minti huɗu tana juyi, daga nan ta ɗauke wuta gaba ɗaya.

"Irin wannan ce a hannun mai tumatir a kasuwar Kibuye," Mzee ya ce. "Kai wa ka yi wa taka?"

Tun daga nan doka ta kafu. Ba a tafa wa kowace manhaja sai ta bi ta wayar Mzee. Mai ita zai tsaya, hannu a baya, baki a rufe, minti biyar, yana kallon tsoho yana latsa duk inda bai kamata ba. Na ga ƙarti masu albashin ƙasar waje suna gumi a tsayuwar nan. Sau biyu Mzee ya canza waya a shekarun, kuma kowane karo sai ya zagaye kasuwa ya zaɓo wadda ta fi kowacce arha. In abu ya yi masa, kalma biyu ce: "Ba laifi." In bai yi ba, mutum zai ji bayani har shayinsa ya huce.

Bara likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido. Ganin gefe-gefe ne ya fara tafiya, ya ci gaba da ɗiga magani bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ya haddace matakalar benen, goma sha tara ce. Mutane kuma da murya yake gane su. Amma daga watan Yuni tsakiyar ma ta koma dishi-dishi. Taro uku a jere yana karɓar waya, ya kawo ta kusa da hanci, ya ɓata rai kamar mai nazari, ya ce "Ba laifi," alhali bai ga komai ba. Wannan ƙaryar ita ta hana shi sakat, fiye da ciwon. Mutumin da ya yi shekara tara ana tsoron gaskiyarsa ya koma sa hannu a takardar da bai karanta ba. Sai ya yanke shawara: Asabar ɗin Satumba zai miƙa wayar ga Wafula, mai shirya taron, ya sauka daga kujerar.

Da safen ranar matarsa, Min Akoth, wato Maman Akoth, tana goge masa riga tana mita.

"Baban Akoth, in ka ba da wayar nan, ina zan riƙa kai ka ranar Asabar? Ka zauna min a gida kana koya min yankan ganye?"

"Zan huta."

"Kai? Ka huta? To, Allah ya nuna mana."

Ya hau tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, daga unguwar Nyalenda, ya ƙirga matakalarsa, ya zauna a kujerarsa. Niyyarsa ya bari sai an tashi ya ja Wafula gefe, a yi abin ba hayaniya. Amma wadda ta fara fitowa Apondi ce, wata mai aiki a kamfanin inshora, wadda ta shafe wata takwas tana gina manhajarta bayan ta taso aiki. Matan da ke sarin kifi a bakin ruwan Dunga ta yi wa, su san wane kwale-kwale ya iso da kuma kifin da ya kawo, kada su yi sammakon banza.

"Ran Litinin mahaifiyata da ƙawayenta goma sha biyu za su fara amfani da ita," in ji Apondi. "In Mzee ya yarda."

Aka saka a wayarsa. Ta mayar da hannu baya, ta yi shiru.

Mzee ya ɗaga wayar. Fari ya gani, da wani abu shuɗi-shuɗi a ƙasa. Kalmomin nan biyu suka zo har bakinsa. Sai ya tuna mata goma sha uku da za su dogara da abin da zai faɗa, ya ji ba zai iya ba. Ya ɗora wayar a gwiwa.

"Ba na gani," ya ce.

Wafula ya yi dariya, ya ɗauka tsohuwar waƙar ce. "Apondi, kin ji ko? Ƙara girman rubutun! Mzee so yake a karanta shi daga Uganda."

"A'a, Wafula. Ba rubutun ba ne, ni ne. Idon ya tafi. Duk wanda na ce wa ba laifi daga Yuni zuwa yau, ya yafe ni, ban ga abin da ya yi ba." Ya miƙa wayar wajen da muryar Wafula take. "Ungo. A nemo mai ido."

Ana jin masu sayar da taya a ƙasa suna buga ƙarfe. Wafula, mai bakin da ba ya mutuwa, ya tsaya ya kasa miƙa hannu. Tausayi ya kama kowa, kuma ba abin da Mzee ya ƙi jini kamar a tausaya masa.

"Mzee, zan karya doka sau ɗaya," in ji Apondi.

Ta karɓi wayar, ta kunna muryar nan da ke karanta wa marasa gani abin da ke fuskar waya, ta mayar masa a tafin hannu. "Taɓa ko'ina, za ta faɗa maka mene ne." Ta sake mayar da hannunta baya.

Ya san da muryar. Bai taɓa kunna ta ba ne kawai, don a ganinsa kunna ta sallamawa ce. Ya ɗora yatsa a hankali.

"Maɓalli," in ji wayar.

Ya matsa gefe.

"Maɓalli."

Ya yi ƙasa.

"Hoto. Maɓalli. Maɓalli."

Kowa a ɗakin ya san abin da ya faru. Kowane maɓalli sai mai gini ya rubuta masa suna a ciki kafin muryar ta san me za ta kira shi. Mai ido yana ganin hoton kwale-kwale ya wuce abinsa, don haka aikin rubuta sunan kullum "sai anjima" ne, anjimar da ba ta zuwa.

Mzee ya gyara zama. Girar nan da aka sani ta haɗe.

"Maɓallin me? Na kifi? Na kwale-kwale? Na kiran 'yan sanda?" Ya danna ɗaya sau biyu, wayar ta yi ƙara. "Me na yi yanzu?"

Wafula ya leƙa. "Ka yi odar ƙananan kifin omena buhu goma, Mzee. Min Akoth za ta ji daɗi."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Shi bai yi ba.

"'Yata, na ba ki izinin magana. Mahaifiyarki shekararta nawa?"

"Sittin da huɗu."

"Da kanta take zura zare a allura?"

Apondi ta sunkuyar da kai. "A'a. Ko saƙo ma sai ta nemi mai karanta mata."

"To, ba ta wuce ba. Litinin ɗin nan babu." Ya juya kai wajen ɗakin. "Ina Barasa? Na ji tarinka. Kawo taka ta watan Yuni. Ita ma Nekesa ta kawo tata."

Ta Barasa "maɓalli" ta yi ta faɗa har ƙarshe. Ta Nekesa ko uffan ba ta ce ba. Wani ɗan tsokana ya ce a gwada shafin rajistar taron, wanda Wafula ya gina da hannunsa, shi ma ya faɗi warwas. Manhaja bakwai Mzee ya kayar a yinin, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara. Shayi ya huce a fulas ba wanda ya tuna da shi.

Da aka tashi, Wafula ya tare shi a bakin matakala.

"Mzee, wayar da ka ce in karɓa fa?"

"Wace waya?" in ji shi, ya tura ta can cikin aljihu. Sannan ya miƙa hannu ya kama kafaɗar Wafula. "Mu je. Kar ka yi sauri, goma sha tara ce."

Asabar ɗin farkon Oktoba Apondi ta dawo. Ta tsaya, hannu a baya. Mzee ya ɗora yatsa.

"Kwale-kwalen da suka iso yau," in ji wayar.

Ya matsa gefe.

"Karfasa, kwando shida."

Ya bi ta lungu-lungu, ya cinye minti biyar ɗinsa cif, bai tarar da maɓalli ɗaya marar suna ba. Ya daɗe riƙe da wayar a kusa da kunne, ko da muryar ta yi shiru.

"Ba laifi," ya ce. "Ki gaida mahaifiyarki."