Safiyar da Na Kama Mai Shanye Mini Fetur

Ni mutum ne mai mantuwa. Sau biyu ina dawowa daga masallaci da takalmin wani, sau ɗaya kuma na baro maiɗakina a gidan biki na taho gida abina, sai da na tambayi abinci na tuna. Amma akwai wata safiya guda da nake jin ko tsufa ya kwashe mini komai ba zai iya kwashe ta ba, wato safiyar da na yi sammako don in kama wanda ke shanye mini man mota.

A shekarar da fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, masu hankali suna jingine motocinsu, ni kuma a lokacin na ga dama na sayi tawa. Ina koyarwa a wata makaranta ta wajen Sandamu, kullum daga Daura nake zuwa, na gaji da babur, na gaji da shiga aji da jan ido. 'Yar ƙaramar mota ce ta hannu, ruwan toka, irin wadda in mutum biyar suka shiga sai gwiwar kowa ta san ta ɗan'uwansa. Dillalin ya dafa ƙirji ya ce mini, "Malam, wannan ba shan mai take ba, sansana shi kawai take yi." Na yarda da shi, don ina son in yarda.

Matsalar farko ita ce wurin kwana. Gidanmu can ƙuryar lungu yake, lungun da ko amalanke sai an yi mata dabara. A bakin titi kuwa akwai gidan Baba. Ba shi ya haife ni ba, aminin marigayi mahaifina ne, amma shi ya karɓa mini aure, shi ya yi wa 'yata ta fari huɗuba, kuma ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Baba. Tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar shanu daga Mai'adua zuwa Kudu, har idanunsa suka yi rauni, 'ya'yansa suka taru suka lallashe shi ya ajiye tuƙi. Ranar da na kawo motar, sai da ya zagaya ta sau uku yana shafa ta, sannan ya sa aka kwashe karan da ke rumfarsa. Ya ce, "Nan ne ɗakinta. Ka bar mini makulli ɗaya, ko da wani abu zai taso." Na ciro na miƙa masa da hannu biyu, ban kawo komai a raina ba.

Sati biyun farko ina ta yaba ta a ɗakin malamai. Da safe murɗawa ɗaya take tashi, babu tari babu gardama. Har bonet ɗin nakan tarar da shi da ɗumi, in ce a raina lallai ranar Daura ba ta wasa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda rana take shiga ƙarƙashin rumfa da ƙarfe bakwai na safe ba.

Sai na fara lura da allurar mai. Man da na zuba ranar Litinin da niyyar ya kai ni wata Litinin, kafin Alhamis allura ta kwanta, 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kunno tana kallo na. Na ce wataƙila a gidan mai ne ba sa cika lita, na canja gidan mai. Na ce ko man 'yan bumburutu da na taɓa zubawa ne ya ɓata mata ciki, na daina. Babu abin da ya canja.

Daga nan na zama ɗan gida a garejin wani bakanike. Ya ce fulogi ne, aka canja fulogi. Ya ce matatar iska ta toshe, ya ciro ta ya buga a ƙasa, rairayin da ya zubo ya isa a shuka gyaɗa. Aka wanke nozul, bakin da ke fesa wa inji mai. Mai faci ya danna tayoyina da yatsa ya ce, "Malam, ai a kan tayar nan ba tafiya kake ba, rarrafe kake." Ya ba su iska. Ranar da bakaniken ya buɗe but kuwa, juyowa ya yi yana kallo na. Akwai rabin buhun gero da aka ba ni a ƙauye na manta ban sauke ba, da jarkar ruwa, da mataccen batir, da littattafan jarrabawar aji uku, da wani dutse da nake tare taya da shi. Ya ce, "Wannan ƙaramar mota ce ko akori-kura?" Abokan aiki ma kowa ya ba da tasa fatawar. Wani ya ce in daina kunna na'urar sanyi, wani ya ce in daina sauke gilashi, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce baki ne, in yi sadakar ƙosai. Duk na yi, har ƙosan. Kowane gyara yakan ɗan rage, amma allura ba ta fasa kwanciyarta ba.

Wata yamma da na zo ajiye ta na yi wa Baba ƙorafi. Ya saurare ni da kyau, ya girgiza kai, ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Bar ni da ita, zan ƙara kula da ita." Na ji daɗi, na ɗauka addu'a zai ƙara. A satin nan, ranar Laraba fitilar ta kunno.

Wanda ya jefa mini ƙwayar zargi, ba da mugun nufi ba, shi ne mai sayar da kayan gyaran da nake zuwa wurinsa, wani Inyamuri da ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Na je sayen wani abin kuma, sai ya mayar da shi kan kanta. Ya ce, "Malam, na fara jin kunyar sayar maka da kaya. Motar nan lafiyarta ƙalau. Yi abu ɗaya. Da yamma ka ɗauki hoton allura da lambar tafiya a wayarka, da safe ka sake dubawa. In da rana take sha, laifinka ne. In a ajiye take sha, to ka san inda za ka duba."

Na yi hakan kwana uku. Lambar tafiya ba ta motsa ba ko kaɗan, ke nan babu wanda ya fita da ita. Ƙarƙashinta a bushe, ke nan ba yoyo take ba. Amma allura kullum ta sauka. Na zauna na haɗa lissafina irin na malamin makaranta, na fito da amsa guda: tiyo ake zurawa a zuƙe. Kuma wa ke da makulli? Nan da nan na tuna Baba yana da ɗan janareta. Na tuna kwanan baya na ji rigarsa tana ƙaurin hayaƙi. Wallahi har yau in na tuna yadda zuciyata ta yi saurin tattaro shaidu a kan mutumin da ya goya ni a kafaɗa, sai in ji kunya ta rufe ni.

Na faɗa wa maiɗakina cewa gobe zan karɓo makullina in nemi wani wurin ajiya. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni.

"Baba? Baban da ya karɓa maka aurena?"

"Ni ban ce shi ba ne. Makullina kawai zan karɓa."

"In ka karɓi makullin nan ka gama faɗa, ko ba ka buɗe baki ba. Kuma ba zai tambaye ka dalili ba, miƙo maka zai yi. Daga ranar kuma ka san ba ka da uba a bakin titi. Ka gani da idonka?"

Ban gani ba. Ta ce to in je in gani, in ya so in dawo in yi rashin kunyar da hujja.

Al'adata, a ƙaramin masallacin ƙuryar lungu nake sallar asuba in koma in ɗan runtsa, shi ya sa ban san abin da ke faruwa a bakin titi kafin bakwai ba. Ran nan ana sallamewa na ɗauki tocila na miƙe lungu, ina tafe ina shirya jawabi. Na shirya mai zafi, na shirya mai sanyi, na shirya wanda za a yi da hawaye. Ban kai rabin lungun ba na fara jin ƙarar inji. Na san muryarta. Motata ce, tana ruri, a saki, a sake taka ta.

Na laɓe a jikin zanan rumfar na leƙa. Babu tiyo, babu jarka. Baba ne zaune a kujerar direba, ya ja ta baya, ya gyara zaman hularsa, hannu biyu a kan sitiyari. Ya karkata kai yana sauraron inji, ya taka totur, ya saki, ya gyaɗa kai. Can ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya kunna sigina, ya ɗan karya sitiyari kamar mai kauce wa rami. Motar tana tsaye cik, awakinsa biyu suna gefe suna tuƙa, da alama sun saba. Na daɗe a tsaye, tocila a hannu, jawabaina uku suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin salansa ne ya tona mini asiri, na saki atishawa.

"Wane ne nan?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana?"

"A'a, ɗana! Zagayo ka shigo ka ji yadda take numfashi."

Na shiga na zauna a kujerar fasinja a cikin motata. Ya ce, "Ku yaran yanzu ba ku san haƙƙin inji ba. Mota ba a tashin ta daga barci a ɗora ta a titi. Mu a zamaninmu sai ka yi mata wamin ta gasu, sannan ka sa giya."

Na ce, "Kullum kake yi, Baba?"

"Kullum! Tun ranar da ka kawo ta. Da rabin awa nake ba ta. Da ka zo ka ce tana shan mai, na ce sanyi ne bai gama sakin ta ba, na mayar da shi awa guda. Bayan magariba ma nakan ɗan ba ta wuta, kada ta kwana da sanyi a jiki."

Dariya ta taso mini, na danne ta da tari. Ga fulogi, ga nozul, ga ƙosai, ashe duk ga inda zancen yake. Na buɗe baki zan gaya masa abin da bakanike ya taɓa faɗa mini, cewa irin waɗannan ƙananan motocin minti ɗaya ya ishe su, sauran duk ƙona mai ne a banza. Kafin in fara sai ya shafa sitiyarin, muryarsa ta sauka.

"Shekara tara rabona da wannan. Idon ya ƙi, amma hannun bai manta ba. In na zauna a nan sai in ɗauki hanya a raina, ina sane da kowace kwana da kowace gada. Da rabin awa ce, a daji nake kashe ta. Yanzu kuwa kafin rana ta fito na shiga Kazaure." Ya yi 'yar dariya, ya juyo. "Af, me ya fito da kai da sassafe haka, har da tocila?"

Na ce, "Gaishe ka na zo yi, Baba."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa karɓar albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Da na koma gida maiɗakina tana bakin murhu. Ba ta ko juyo ba ta ce, "An kama ɓarawon?" Na ce, "An kama. Yana hanyar Kazaure." Sai da na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga baya kuma na ga tana share ido da bakin zane.

Ban karɓi makullin ba, ban kuma gaya masa ba. Wamin ɗin magariba kaɗai na yi wa dabara, na ce ai da zafinta take dawowa daga hanya, ya taɓa bonet ya yarda. Na asuba kuwa na bar masa. Sai na koma kan nawa laifin, wanda ashe ba kaɗan ba ne: na daina barin inji a kunne ina doguwar gaisuwa a bakin hanya, na riƙa duba iskar taya, na daina mayar da but rumbu. Wasu ranakun Asabar nakan kai masa shayi in zauna a gefensa, shi yana tuƙi, ni ina yaron mota, yana nuna mini inda ya taɓa faci da inda ake sayar da fura mai kyau.

Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar bakwai iyalinsa suka aiko mini da makullin, ɗaure da tsumman da yake goge gilashi. A satin da ya biyo baya na zuba mai ranar Litinin, wata Litinin ta zagayo allura tana sama. Ashe dillalin bai yi ƙarya sosai ba. Na tarar da bonet da sanyi, na zauna ina kallon allurar nan, na ji ban taɓa jin haushinta kamar ranar ba.

Abin da na koya shi ne, allura takan nuna maka cewa abu ya ragu, amma ba ta gaya maka inda ya tafi, kuma zuciya tana da saurin cike wannan gurbin da mugun zato. Da na bi lissafina, da na tsira da 'yan litoci na rasa uba. Tun daga ranar, in na ga nawa ya ragu a hannun wani, sai na taka na je na gani da idona kafin in buɗe baki. Wani lokacin in na gani ma, shiru nake yi.