Inda Ƙanƙarar Evaristo Take Narkewa

"To injin naki ƙarya yake yi," in ji Evaristo, yana tura dusar katako a gefen ƙanƙararsa.

"Kawu, lissafi ba ya ƙarya. Ya kamata ta kai ƙarfe huɗu."

Shekara talatin ke nan Evaristo Polo yana tura amalanke a titunan garin Ciénaga, yana kankare ƙanƙara a kofi, ya zuba mata ruwan tsamiya. Babban cinikinsa ƙarfe uku ne, idan an tashi makaranta. Amma wata biyu ke nan, kafin ukun sai ya tarar da ruwa tsamo-tsamo a buhu, yara su wuce wurin wani. Shi ya sa ya kai kuka ga Yulieth, 'yar ƙanwarsa mai karatun injiniya. Yanzu kuwa ya fara da-na-sani.

Ta auna ƙanƙarar, ta auna kaurin dusar, ta zuba komai a kwamfuta, har da inuwar mangwaron da yake tsayawa a ƙarƙashinsa.

"Zafi dai ba ya shiga sai ya sami ƙofa," ta ce. "Sau nawa kake buɗe buhun?"

"Sai mai saye ya zo."

"Kuma wuni kake a inuwa?"

Evaristo ya shiga goge kofin da ba shi da datti.

"Kawu?"

"Mutum ai yakan ɗan zagaya."

"Zuwa ina?"

"Ke 'yar sanda ce? Titin kasuwa. Minti biyar."

Ta danna, ta girgiza kai. "Minti biyar ba zai cinye rabin ƙanƙara ba. Wannan ɓarnar ta awa guda ce, a tsakiyar rana. Me ke titin kasuwa ban da shagon ɗinkin Doña Casilda, wadda mijinta ya rasu?" Sai ta dafe baki. "Kawu! Ko rumfa babu a ƙofar nan!"

"Tana son na tsamiya," ya ce a hankali.

"Kofi ɗaya, awa guda?"

"A hankali take sha."

Yulieth ta yi dariya har da hawaye. "To zaɓi: ko yara, ko hira. In kuma duka kake so, shigar da amalanken cikin shago. Amma fa sai ka faɗa mata dalili."

Evaristo ya dubi rana, ta kusa tsaka. Ya rufe buhu, ya gyara wuyan riga, ya shafa gashin baki, ya tura amalanke ya nufi titin kasuwa.