Hantar Gida Biyar da Hannuna Mai Rawa

Salama, jama'a. Wata tara ke nan ban ce uffan ba a nan, har wani ya tambaya ko na koma Gusau ban yi sallama ba. Ina nan Greensboro, a Amurka. Jinya na yi, kuma rabinta ni na jawo wa kaina.

Abin ya fara da hannun dama. Ina cikin mota, na tsaya a danja a titin Wendover, sai na ga babban yatsa da manuni suna murza juna kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannuna. Na zuba musu ido ina mamaki. Da na kama sitiyari sai suka daina.

Matata, Hajiya Rabi, ita ta lura da sauran. Ta ce in ina tafiya hannun nan ba ya lilo, rubutuna kuma ya ƙanƙance.

Aikina tuƙa fokilif ne, motar ɗaga kaya, a wani babban sito. Da shugaban sashenmu ya ga hannun, ya sauke ni, ya ce ba zan sake hawa ba sai da takardar likita. Aikin nan shi ne cefanenmu, shi ne inshorar lafiyarmu. Na ji tsoro ƙwarai.

Likitar ƙwaƙwalwa ta sa na yi ta buɗe hannu ina rufewa, na yi tafiya tana kallo. Aka ɗebi jini, aka tura ni cikin injin hoto mai ƙara kamar na niƙa. Sannan ta ce, "Parkinson ne, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki. Ba a warkewa, amma ana zama da shi shekaru masu yawa." Ta ba ni magani, ta ce in dawo bayan wata biyu ta gwada ni, in ta gamsu ta sa hannu a takardar.

Ɗiyata Asma'u ta ce, "Baba, please, kar ka shiga intanet kana bincike." Ai kamar ta ce in shiga.

Ni tun ina yaro nake kwance rediyo don in ga mai magana a ciki. Na yi ta karatu har na ci karo da wani abu: wai an lura masu Parkinson da yurik asid ya yi ƙasa a jininsu, ciwon ya fi saurin yin nisa. Waɗanda nasu ke sama-sama kuwa ya fi tafiya a hankali, musamman maza.

Yurik asid tsohon abokin gabana ne. Shi ya taru a jinina shekara shida da suka wuce ya haifar mini da gawut, ciwon da ke kumbura babban yatsan ƙafa har zanen gado ya taɓa ka yi ihu. Tun lokacin nake shan ƙwaya mai rage shi, Hajiya kuma na ƙirga mini tsoka a miya. Na duba sakamakon jinina a waya, na ga ya yi ƙasa. Na ce, ashe mai gadi nake kora shekara shida?

Na daina shan ƙwayar, na ɓoye kwalbar a mota. Ban gaya wa kowa ba.

Sai ga Babbar Sallah, ni kuwa na san hanta da ƙoda na ɗaga yurik asid. Kun san yadda muke yi, mu tafi gona bayan gari mu yanka, 'ya'yanmu haifaffun nan kuwa ko kallon kayan ciki ba sa yi. Na bi abokai ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, hantar nan kar a zubar." Na tara hanta da ƙoda na gida biyar, na kai firizar abokina Malam Isuhu a unguwar Sedgefield. Kullum in na ce zan fita motsa jiki, can nake zuwa mu soya. Shi a zatonsa kwaɗayi ne kawai.

Saura kwana biyu gwajin, na farka ƙafata kamar an ɗora garwashi. Yatsa ya kumbura suntum. Da takalmi ɗaya da silifa ɗaya na je asibiti.

Likita ta ce in yi tafiya. Taku uku na yi. Ta ce, "Ba zan iya gane wanne ne Parkinson, wanne ne ƙafa ba. Ba zan sa hannu yau ba."

Na faɗi gaskiya, Hajiya na zaune. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce an ga alaƙar kam, amma ba a tabbatar ko yurik asid ɗin ke kare ƙwaƙwalwa ba, ko alama ce kawai. An ma gwada ɗaga shi da magani, ciwon bai rage gudu ba, sai tsakuwar ƙoda da wasu suka samu.

Na ce, "To me ya sa suke tafiya tare?"

Ta ce, "In ka gano, ka kira ni."

Da muka kusa gida, Hajiya ta juyo ta kalle ni. Ta ce, "Rawar hannu na ɗauka, Malam, daga Allah ce. Ɓoye min ɗin ne ban ɗauka ba." Wannan ta fi ƙafar zafi.

Sati shida na ƙara a gida ba albashi. Na koma kan ƙwayata, na dage da maganin Parkinson kan lokaci, da atisayen da aka koya mini na manyan taku. Ƙafa ta saɓe, tafiya ta miƙe. Likita ta sa hannu, da sharaɗin duba ni duk wata shida.

Ban warke ba, amma na miƙe, alhamdu lillahi. Na gode wa duk wanda ya kira ko ya yi addu'a.

Shawarata: in ka ga rawar hannu ko tafiyarka ta canja, ka je da wuri. Ka yi karatu iya son ranka, ni ma ban daina ba, tambayar nan har yau tana cin raina. Amma ka rubuta tambayarka ka kai wa likita, kar ka gwada a jikinka. Kuma kar ka ajiye magani a ɓoye.

Babbar godiya ta Hajiya ce. Litinin da na koma kan fokilif, ita ta miƙo mini ƙwayoyin da ruwa, ta tsaya har na haɗiye. Ta ce, "Buɗe baki in gani."

Shekarata hamsin da takwas. Na buɗe.