Layi Uku da Albasar Wurno

Shekarun baya ina aiki da wata ƙungiyar manoman rani a Goronyo. Aikina shi ne sanar da manoma ranar da za a sako ruwan dam cikin magudanarsu. Na rubuta ɗan shell script, wato jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta: ta sauko da jadawalin mako, ta tura wa kowa saƙo a waya. A tsakiya na sa sharaɗi mai layi uku da ke farawa da if, wato "in" da Turanci. In sabon jadawali bai sauko ba, ta tsaya, kada ta tura komai.

Lokacin ina son wata yarinya a Wurno, irin son da nake karantawa a littattafai. Har na raɗa wa 'ya'yanmu suna a zuciyata. Mahaifinta manomin albasa ne, ni da hannuna na sa lambarsa a jerin waɗanda ake tura wa saƙo, don ya san surukinsa ba ƙaramin mutum ba ne.

Wata Laraba na tafi zance, na bar abokin aikina a ofis. Sabis ya yi ta yankewa, kwamfuta ta ƙi tura saƙo, kamar yadda na umarce ta. Manoma suka dame shi da kira. Maimakon ya buga mini waya, sai ya buɗe aikina, ya goge layukan nan uku. Saƙo ya tafi tas, ɗauke da jadawalin makon da ya wuce: ruwa ranar Alhamis. Alhali an ɗage shi zuwa Litinin.

Tsohon, mahaifin yarinyar, ya yarda da saƙona. Ya cire irinsa kaf, ya dasa, ya zauna bakin magudana yana jira. Kafin Litinin dashen ya kwanta ya zama ciyawa.

Da na gano, sai na wuce ofis kai tsaye. Na tambayi abokin aikina dalili, ya ce shi ya ga abu na hana aiki ya cire, ai gyara ya yi mini. Har da dariya, wai in ban da soyayya da ina ofis. Wallahi ranar da ba a riƙe ni ba, da kujera zan rotsa masa.

Na je na durƙusa gaban tsohon, na fara bayanin sharaɗi da jadawali. Ya ɗaga hannu.

"Yaro, ni ban san wanga karatu ba. Kai kac ce ruwa na zuwa, munka dasa. Mi za ni ce ma iyalina?"

Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi in dakata da zuwa gidansa. Dakatawar ke nan har aka ɗaura mata aure a Rabah.

Kwamfuta ba ta da kunya, ba ta da shakka. In ba ka koya mata tambaya ba, ƙarya za ta kai wa dattijo da cikakken ƙarfin gwiwa. Yanzu kowane umarni na rubuta sai na bi shi da sharaɗi, yaran da nake koyarwa har tsokanata suke yi.

Abokin aikin nan kuwa muna gaisawa. Ya sha ce mini abu ya wuce. A wurinsa ya wuce, layi uku ya goge.