Abin da Ya Sauko da Mai Fenti Daga Tsani

Mai Fenti ya tsufa yana yaƙi da tsatsa. Ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, rufin kwano, duk sai ya kankare, ya shafa jan fenti, ya ja baya yana kallo kamar wanda ya yi wa jariri wanka. Abin taƙamarsa ɗaya ne: in ya hau tsani da safe, ba ya saukowa sai rana ta yi sanyi. Dabararsa kuwa ita ce ƙin shan ruwa, don kada fitsari ya sauko da shi. In bayansa ya ƙage, ya haɗiye maganin ciwon jiki da yawu.

Wata rana fitsarin ya yi fushi ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. A asibiti likita ta ce ƙodarsa ce ta ji rauni farat ɗaya, in ba ta farfaɗo ba sai injin wankin ƙoda. Ta yi masa bayani da harshen sana'arsa: ƙoda in ta galabaita, wani abu mai kama da tsatsa yakan ci ta daga ciki. Jiki yana da nasa sinadaran kariya, dangin waɗanda ke cikin 'ya'yan itatuwa, masana kuma na binciken yadda za a ƙara musu ƙarfi.

Duk cikin bayanin, matarsa 'ya'yan itatuwa kawai ta riƙe. Washegari sai ga ta da kwando, lemo da ayaba har suna zubowa. Likita ta tare ta a bakin gado, ta ce ƙodar da ba ta tacewa, waɗannan lodi ne a kanta. Ƙaninsa da ya zo dubiya ya jawo kwandon gabansa cikin alhini.

"Kwanta abinka, Yaya, ni zan yi maka kariyar."

Mai Fenti yana kwance ana ƙara masa ruwa, yana jin ƙamshin ɓawon lemo, yana roƙon Allah abin da ya yi shekaru yana kora. Da hantsi fitsarin ya zo, ɗis, ɗis, sannan sosai. Matarsa ta ɗaga robar da ake tara shi tana kallo a hasken taga, idonta ya ciko.

"Baban yara, ban taɓa ganin launi mai kyan wannan ba, har a fentinka."

Yanzu gorar ruwa na rataye a tsaninsa. Yana hawa yana sauka, masu gida na ƙorafin aiki ba ya sauri, shi kuwa kowace saukowa da murmushi yake yin ta.