Laftof Ɗin Da Na Sayo Wa Yayata

Yayata ba ta gani tun tana 'yar firamare. Shekarar da ta samu aikin koyarwa a wata makaranta a Kwadaso, ta kira ni ɗakinta a gidanmu na Alabar, ta ce in sayo mata laftof. Ni ake ɗauka masanin kwamfuta a gidan.

"Ƙarama nake so, ƙanena, wadda zan rungume a trotro, motar haya. Madannanta masu tudu, yatsa ya san inda ya sauka. Batir mai daɗewa, ka san halin wutarmu. Kuma sautinta ya fita sarai."

Akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ke kan allo da murya, don haka da kunne take aikinta.

Na ce, "Allon fa, Yaya?"

Ta yi dariya. "Ko babu shi ma."

A wani shago a Adum, mai shagon ya ɗauko mini daidai abin da ta siffanta: baƙa, 'yar ƙarama, ba ta da kyan gani. Amma a gefenta akwai wata babba mai ruwan azurfa, an kunna ƙwallo a kai. Har gumin 'yan wasan ina gani. Ita na saya. Da na dawo gida na ce ƙananan sun ƙare.

Ta shafa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ɗaga ta, ta ajiye. "Tana da nauyi," ta ce. Can ta ƙara da, "Allah Ya yi maka albarka."

Wata da watanni tana saɓa jakar laftof ɗin nan zuwa tasha. Madannan sumul suke, sai da ta manna musu guntayen filasta don ta riƙa gane su. Batirin ba ya kai azahar. Na sha ganin mahaifiyarmu tana shafa mata man zafi a kafaɗa, in wuce kamar ban gani ba. Ranar Asabar kuwa in ari laftof ɗin, mu baje da abokaina a baranda muna kallon ƙwallo.

Wata rana cajarta ta lalace, wata malama abokiyar aikinta ta raka ta shagon. Ta dawo bayan la'asar ta same ni ina cin abinci.

"Mai shagon nan mutumin kirki ne. Ya ba ni wata ƙarama na taɓa. Ya ce ba su taɓa yanke masa ba." Ta zauna tana kwance takalmi. "Ya tuna ka ma. Ya ce ka daɗe a tsaye gaban ƙwallo."

Na ture kwanon gefe. Da ƙyar na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe. Ba nauyin ne ya dame ni ba. Ka san ba zan iya dubawa ba, shi ya sa ka ce sun ƙare."

Asabar ɗin da ta biyo muka koma tare, mai shagon ya yarda aka yi musaya. Ita ta gwada ƙaramar da kanta, abin sauraro a kunne, yatsunta suna gudu. Ni ina tsaye riƙe da jaka, ba wanda ya nemi ra'ayina.

Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Muna hira, muna dariya kamar da. Sai dai tun daga ranar, in tana son a sayo mata wani abu, ko sabulu ne, ƙanwarmu take aika.